LAUNIN TSAMIYA: FENTIN DA YA DACE DA ƊAKUNANMU

Abin da nake so in yi bayani a kansa a cikin mujallarmu ta bana shi ne launin fentin da ake shafa wa bangon ɗaki daga ciki. Na san wani zai ce ai wannan maganar magidanta ce da magina, ina ruwan ɗan makaranta da ita? To, amma in an duba, ba wanda ya fi mu zama tsakanin bango huɗu: a aji bango, a ɗakin kwana bango, in mun tafi hutu gida ma bango. Bugu da ƙari, kuɗin da iyayenmu ke kashewa wajen sake fenti duk lokacin da salla ko biki ya gabato ba kaɗan ba ne, kuma daga aljihun da ake yi mana sayayyar komawa makaranta suke fitowa. Saboda haka ina ganin ya kamata mu san launin da zai ƙawata ɗaki, ya daɗe da kyansa, ya kuma rage wa mai gida asara.

Launin da nake nufi shi ne wanda ya faɗa tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa mai haske. In mutum ya ɗebi tokar murhu, ya cuɗa ta da busasshen rairayin rafi, sa'an nan ya ƙara farar ƙasa mai yawa, to, ya kusa samunsa. Launi ne mai kwanciya, ba ya tsone ido, ba ya kiran mutum daga nesa. Faransawa suna kiransa "girej", watau sunan da suke ba ɗanyen siliki wanda bai shiga rini ba, su ma kuwa daga Italiyanci suka aro kalmar. Wani shahararren maɗinki ɗan Italiya mai suna Armani, wanda ya kafa kamfaninsa a birnin Milan a 1975 ya kuma rasu a 2025, ya yi suna ƙwarai wajen ɗinka tufafi masu wannan launi. Daga wajen 2010 kuma sai launin ya yaɗu a bangon gidajen Amurka da Ingila, har kamfanonin fenti suka riƙa raɗa masa sunaye iri iri.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka baƙo ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa ganin rigar tsamiya a jikin wani dattijo ya san shi. Ba 'ya'yan tsamiyar da ake dama kunu da su nake nufi ba. Zaren nan nake nufi wanda wata tsutsa ke saƙa gidanta da shi a jikin itacen tsamiya, a tattaro shi, a dafa da toka, a kaɗa, a yi saƙa ko aikin riga da shi. Shi ma siliki ne ɗanye, kuma launinsa na asali ke nan, toka-toka da sirkin ƙasa. Don haka a cikin wannan rubutu zan riƙa kiransa launin tsamiya.

Haka nan maginanmu na da sun san shi a jikin bango. Ban da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa mai ba da launi mai duhu, da farar ƙasa da mata ke shafe ɗaki da ita, akwai abin da ake kira laso. Ana haɗa shi ne da katsi, watau laka da ke kwantawa a ƙasan karofin marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake kwashewa a shanya a ƙona a daka, sa'an nan a cuɗa da gashin jima da yauƙin dafara. In ya bushe sai ya yi ƙarfi ya hana ruwa shiga, launinsa kuwa toka-toka ne. Ashe ke nan abin da ake yayi yanzu a ƙasashen Turai kakanninmu sun daɗe da zama a cikin kusan irinsa.

Kafin in kawo dalilan da suka sa nake yabon wannan launi, bari in ɗan bayyana yadda ake samar da shi. Kowane fenti yana da manyan abubuwa uku a cikinsa. Akwai garin launi, akwai danƙon da ke manne garin a jikin bango, akwai kuma abin da ke tsinka su don buroshi ya iya ja, ko dai ruwa ko kuwa mai. In an shafa, ruwan ko man sai ya bi iska, a bar garin da danƙon a bango. Farin fenti na zamani yawanci daga wani farin gari na sinadarin taitaniyam yake samun haskensa. To, shi launin tsamiya farin fenti ne aka ɗiga masa baƙi kaɗan, da rawaya irin ta ƙasa, da ɗan ja kaɗan ƙwarai. Rawayar da jan nan kuwa dangin tsatsar ƙarfe ne, watau abin da ya sa jar ƙasarmu ta zama ja. In baƙin ya ɗan rinjaya sai launin ya karkata wajen toka, in rawayar ce ta rinjaya sai ya karkata wajen ruwan ƙasa. Shi ya sa ba iri ɗaya ba ne, dangi ne guda mai 'ya'ya da yawa.

Dalili na farko da ya sa ya dace da mu shi ne ƙura. Kowa ya san tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas tana ɗauke da hazo. Malaman labarin ƙasa sun nuna cewa mai yawa daga cikin wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wanda can da ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe. Ƙura ce mai laushi kamar gari, tana bin ƙarƙashin ƙyaure da tsagar taga ta shigo, ko da an rufe ko'ina. In ta sauka a kan farin bango sai ya yi dauɗa, in ta sauka a kan shuɗi ko kore mai duhu sai ya yi furfura. Amma launinta da na tsamiya 'yan uwan juna ne, saboda haka in ta kwanta a kansa ido ba ya saurin gane ta. Ba wai na ce a daina kakkaɓe bango ba ne, tsafta dole ce. Abin da nake nufi shi ne bangon ba zai tsufa a hunturu guda ba. Haka kuma shatin hannun yara, da wurin da ake jingina kai, da hayaƙin fitila ko na turaren wuta, duk ba su fitowa ɓaro-ɓaro kamar yadda suke yi a kan fari.

Dalili na biyu shi ne haske. Masu yin fenti suna da ma'aunin da ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa, daga 0 zuwa 100. Baƙi ƙirin yana can kusa da 0, farin fenti kuwa yakan haura 80. Launin tsamiya yawanci yana tsakanin 50 da 65. Alal misali, wani irinsa da kamfanin Sherwin-Williams na Amurka ke yi mai suna Agreeable Gray yana da 60. Ma'anar wannan ita ce yana mayar da fiye da rabin hasken da ya faɗa a kansa, watau ɗaki ba zai yi duhu ba, kuma ba zai kashe ido ba. Duk wanda ya taɓa zama yana karatu a ɗaki mai farin bango fat da tsakar rana a watan Afrilu, rana tana shigowa ta taga, ya san yadda ido ke gajiya har kai ya yi nauyi. A nan ya kamata in ja kunne a kan wani abu: launin cikin ɗaki ba shi ne ke sanyaya ɗaki ba. Wannan aikin rufi ne, da kaurin bango, da tagogi, da launin bangon waje wanda rana ke duka. Abin da launin ciki ke iyawa shi ne ya hutar da ido.

Dalili na uku shi ne kayan ɗakinmu. Mu mutane ne masu son launi. A ɗakin uwar gida akwai jeren kwanuka da tangaraye, ga labule mai furanni, ga zanen gado, ga faifai da tabarma masu ja da kore. A zauren mai gida ko falonsa akwai darduma da kushin da tumtum na jar fata. To, in bango ma ya zo da nasa launin mai ƙarfi, kamar kore shar ko ruwan hoda ko ruwan goro, sai ya zama kowa na magana ba mai saurare, ido ya rasa inda zai sauka. Launin tsamiya kuwa yakan ja da baya ya bar kaya su nuna kansu. Da yake yana da rabo a toka, yana tafiya da shuɗi da baƙi da kayan ƙarfe masu ƙyalli. Da yake kuma yana da rabo a ƙasa, yana tafiya da katako da fata da kaba da jan kafet. In bana an sake labule, baɗi an sake kujeru, ba sai an kira mai fenti ba. Masu sana'ar ƙawata ɗaki suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: kashi 60 cikin 100 na abin da ido ke gani ya zama launi mai kwanciya, watau bango, kashi 30 launi na biyu, kamar labule da kujeru, kashi 10 kuwa launi mai ƙarfi, kamar matasai da kayan jere.

Dalili na huɗu shi ne ƙarko. Ranar ƙasarmu tana cin launi. Duba bangon da aka yi wa shuɗi ko ja mai haske, bayan shekara ɗaya ko biyu za ka ga inda rana ke duka ya koɗe, in ka ɗaga kalanda ko agogon bango sai ka tarar da shatinsa. Garin launi na dangin tsatsar ƙarfe kuwa yana cikin waɗanda suka fi jure wa rana, shi ya sa jar ƙasa ke shekara da shekaru a fili ba ta sake kama. Tun da su ne ke cikin launin tsamiya, shi ma ya gaji wannan juriya.

Amma fa kome yana da aibinsa, kuma ba adalci ba ne in faɗi amfaninsa in ɓoye nasa. Aibi na farko shi ne yana da halin hawainiya. Da yake ya zauna a tsakiyar launi biyu, hasken da ya faɗa a kansa shi ke zaɓar masa ɓangare. Da hantsi yana iya zama kamar ruwan madara mai duhu, da la'asar sakaliya a ɗakin da tagarsa ke duban yamma ya koma ja-ja, da dare kuma ya zama toka sak. Ƙwan fitila ma yana da hannu a ciki. In an duba kwalin ƙwan lantarki za a ga an rubuta lamba da harafin K. Mai 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, yana fito da ruwan ƙasar da ke cikin fentin. Mai 6500K kuwa haskensa fari ne mai sirkin shuɗi, irin wanda yawancin fitilun sola da na caji ke bayarwa, shi kuma tokar yake fitarwa. Mai 4000K yana tsakani. Har ila yau wani launin tsamiyar yana da ɗan kore a ɓoye, wani ɗan ruwan hoda, ba a ganewa sai ya hau bango.

Aibi na biyu shi ne, a ɗaki mai ƙaramar taga irin na tsofaffin gidajenmu, in aka zaɓi mai duhu, sai ɗakin ya zama kamar siminti ne kawai aka shafe ba a gama aiki ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi mai haske a irin wannan ɗaki, wanda ya fi karkata wajen ruwan ƙasa, a bar silin fari tas, a kuma zagaye bakin ƙofa da na taga da fari. Farin nan shi ke nuna wa baƙo cewa da gangan aka zaɓi launin. Kada kuma a sayi labule da kujeru da ledar ɗaki duk masu ruwan toka, don ɗaki zai yi shiru kamar ba kowa a gidan.

Saboda waɗannan aibobi, shawarata ita ce kada a dogara da ɗan katin launi da mai kanti ke nunawa, balle hoton da ke cikin waya. Gani ya kori ji. A sayi ɗan kaɗan, a shafa wajen mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi a bangon da ke fuskantar taga, a kuma shafa a bangon da tagar take. A yi shafi biyu, a bari ya bushe sosai, domin fentin ruwa yakan ƙara duhu kaɗan in ya bushe. Sa'an nan a duba shi da safe, da azahar, da magariba, da kuma dare bayan an kunna fitilar da aka saba kunnawa. A kawo labule da darduma a kanga a jikinsa. In an yi kwana biyu ana dubawa bai ɓata rai ba, to, sai a je a sayo.

Wajen saye kuma lissafin da muke koya a aji yana da rana. Mu ɗauki ɗakin nan da magina ke kira sha biyu sha biyu, watau ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi, kimanin mita 3.6 kowane ɓangare, tsayin bango kuma mita 3. Zagayen ɗakin mita 14.4 ke nan. In an ninka da 3 za a sami murabba'in mita 43.2. A cire kamar 2 na ƙofa da 1.5 na taga, saura wajen 40. Tun da shafi biyu za a yi, ya zama 80. A kan bango mai santsi lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe wajen murabba'in mita 10, saboda haka ana bukatar lita 8, watau galan biyu masu lita 4. Bokiti mai lita 20 zai ishi ɗaki biyu har a sami ragowa. Bango mai kaushi ko sabon shafe ya fi haka sha, sai a ƙara. A sayi duk abin da ake bukata a lokaci guda, a juye a babban mazubi a gauraya, don haɗin yau da na gobe ba safai suke zuwa daidai ba, kuma a irin wannan launi ɗan bambanci kaɗan yana fitowa. In mai fenti ne zai haɗa da hannu, a sa shi ya auna da cokali ko gwangwani, a rubuta ma'aunin a ajiye. A kuma rage kamar lita ɗaya a rufe da kyau saboda gyaran gaba.

Bayan haka sai shirya bango, wanda shi ne rabin aikin. Sabon shafen siminti yana bukatar kamar mako huɗu kafin a sa masa fenti, in an yi gaggawa sai fentin ya kumbura ya riƙa ɓarewa. In ƙasan bango yana fitar da wani fari-fari kamar kanwa, alamar laima ce, sai an toshe inda ruwa ke shiga tukuna, in ba haka ba ko fentin zinariya aka shafa zai zube. A cike tsaga, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A goge da samfefa, a share ƙura, a fara da silin, sa'an nan bango daga sama zuwa ƙasa. Tsakanin shafi na farko da na biyu a ba fentin ruwa sa'a uku ko huɗu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke bango ya sha iska, kafin hazo ya yi ƙarfi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: fentin jajibirin biki shi ne wanda baƙi ke kwashewa a bayan rigunansu.

Game da irin fentin da za a saya, wanda ba ya sheƙi yana ɓoye tudu da kwarin bango, ya dace da ɗakin kwana. Mai ɗan sheƙi kuwa ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya dace da falo da zaure da inda yara ke wasa. Wasu sukan yi wa ƙasan bango, kamar mita ɗaya, launin tsamiya mai duhu wanda ke wankuwa, sama kuma mai haske, kamar yadda ake raba bangon azuzuwa da na asibitoci. Dabara ce mai kyau. Amma bangon ƙasa kada a yi masa fentin mai, domin yana hana shi fitar da danshi har yaɓen ya saki. Abin da ya dace da shi farar ƙasa ce, a ɗan sirka ta da tataccen ruwan jar ƙasa da garin gawayi kaɗan, sai ga launin tsamiya ba tare da an je kanti ba. Fenti mai arha ƙwarai kuwa, wanda in ka jingina ya bi rigarka kamar alli, a guje shi. Araha ba ta ado.

Akwai wata magana da ta fi ado muhimmanci, watau lafiya. An daɗe ana sa dalma a cikin wasu fentocin mai, musamman masu rawaya da ja da ruwan goro masu ƙarfi, don launin ya fito ya kuma bushe da wuri. In irin wannan fenti ya tsufa yana ɓarɓashi, yara ƙanana sukan kai shi baki, dalma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro har ta rage masa fahimta. Mun san ƙarfin wannan guba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dakan duwatsun zinariya ta fito. Amurka ta hana sa dalma a fentin gida tun 1978, kuma iyakar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba ƙasashe shawarar kafawa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Fentin ruwa ba safai ake samun dalma mai yawa a cikinsa ba, launin tsamiya kuwa ba ya bukatar waɗancan garuruwan launi masu ƙarfi. Duk da haka a karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa. In za a kankare tsohon fentin mai, a jiƙa shi tukuna don kada ƙurarsa ta tashi, a fitar da yara da mata masu juna biyu, a buɗe tagogi har wari ya fita.

A ƙarshe, ban ce kowa ya bar launin da ransa ke so ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake roƙon 'yan uwana ɗalibai shi ne, in mun je hutu muka ji ana shawarar sake fenti a gida, mu sa baki cikin ladabi. Mu auna ɗakin, mu yi lissafin lita, mu roƙi a gwada launin a bango kwana biyu kafin a fitar da kuɗi, mu kuma karanta wa iyayenmu abin da aka rubuta a jikin gwangwani. In mun yi haka, fentin da a da ake sakewa duk shekara zai iya kai shekara uku ko huɗu yana nan da kyansa, kuɗin da aka tsimin kuwa ya shiga wata bukatar. Ilmin da ya tsaya a cikin littafi bai isa gida ba tukuna. Nan zan dasa aya, sai kuma wata fitowar.